Shinkafar Gwaggo Tasalla Tana Kan Hanya

Jama'a, ku taya ni murna, na samu sarauta. Ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, a gaban mutane, wani maigadi mai kulki ya naɗa ni ɓarawon shinkafa. Ni da furfurata, da hulata ta zuwa ɗaurin aure, ya shaƙe mini wuyan riga yana kiran a zo a gani. Abin da na sata kuwa buhun Gwaggo Tasalla ne, ƙanwar mahaifina, kuma mai buhun tana tsaye a gefe tana ce mini in ɗaga a hankali kada in ɓalla ƙugu.

Bari in faro muku daga tushe. Gwaggo Tasalla gumin shinkafa take yi tun ina yawo ba wando. Ta sayo shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a kasuwar Tudun Wada, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji a cashe, ta auna wa masu saye. Da wannan ta riƙe gida tun rasuwar mijinta. Wanda ya san harkar ya san shinkafar da aka sauke daga wuta ba ta jiran kowa. Ko dai ta sha rana ta bushe, ko ta yi tsami ta kama funfuna. To, makon jiya Gwaggo ta juye jarinta kaf a tukunya, tana saukewa hadari ya haɗo, ya zauna mana a ka ya ƙi tafiya.

Amma ai mu 'yan gata ne. Bara Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda duk kirtanin da aka ɗaura tsakanin Bebeji da Doguwa shi ke yanka shi, ya buɗe mana masana'antar shinkafa ta zamani. Motar shela ta yi ta zagaya unguwanni tana cewa an daina wahalar shanya, akwai injin busarwa wanda ba ruwansa da rana. Aka ce har da wata manhajar kwamfuta da aka sayo da tsada, mai bin diddigin kowane buhu daga shigarsa har fitarsa. Mai Girma kuma, ko yana ina, da ya duba wayarsa zai ga allon masana'antar. In kore ne, aiki na tafiya. In ja ne, wani zai kwana ba aiki.

Gwaggo ta ce in raka ta, muka loda jiƙaƙƙun buhuna a kura muka tafi. Wanda ke zaune gaban kwamfutar Shitu ne, ɗan unguwarmu, mai ladabi, ya yi karatunsa da kyau. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya manna wa kowane buhu wata 'yar takarda mai zanen baƙi da fari, ya haska ta da wata na'ura ta yi ƙara.

Ya ce, "Gwaggo, shi ke nan, kayanki sun zama rukuni guda, an ba su lamba. Yanzu suna matakin da ake kira aiki na kan hanya."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yaushe zan dawo?"

Ya ce da an kawo wuta.

Washegari muka koma. Ba wuta, janareta ba mai, buhuna na nan inda aka jibge su a sito, sun fara ɗumi. Amma allon da ke rataye a bango kore ne shar, har ɗaukar ido yake. Na ce wa Shitu ko dai allon ma ya lalace ne?

Ya ce, "A'a, Kawu, lafiyarsa ƙalau, da hasken rana yake aiki. Ka san tsayuwar inji iri biyu ce a manhaja. Akwai tsayuwar ba-zata, wato inji na cikin aiki ya mutu. Wannan ita ke sa allo ya yi ja. Akwai kuma tsararriyar tsayuwa, wadda an san da zuwanta. Ita ba a ɗora wa inji laifinta."

"To, wannan wacce ce?"

"Tsararriya ce, Kawu. Ai mun san ba mai."

"Tun yaushe kuka sani?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Tun bayan bikin buɗewa."

Jama'a, a nan na cire hula na yaba wa ilimi. Ashe injinmu bai taɓa gazawa ba, domin ba a taɓa sa ran zai yi aiki ba. Shitu ya nuna mini wani wuri a allon da ake kira ingancin inji, na ga ya cika maƙil, ba inda za a ƙara ko tsinke. Duk ƙasar nan ban jin akwai masana'antar da ta kamo ƙafar tamu. Masu wahalar kunna inji su ne ke samun matsala.

Da yamma na ba maƙwabcina Malam Uba mai faci labari. Ya ajiye tayar da yake dubawa ya ce, "Wato hanyarmu ta ƙauye da aka zuba wa tsakuwa tun ina saurayi, ita ma aiki ne na kan hanya?" Na ce ƙwarai, kuma rukuninta guda da famfon unguwa. Ya ce wallahi ilimin ya yi masa, gobe ba zai ba da cefane ba, zai sanar tun da dare ya zama tsararriyar tsayuwa. Da na gan shi da safe na tambaye shi yadda aka ƙare, ya ce uwargida ta karɓi tsarin da hannu bibbiyu, har ta sanar da tata tsayuwar a madafa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da muka sake komawa, tun daga ƙofar sito warin tsami ya tare mu. Gwaggo ta sa hannu a jikin buhu ta janye, ta ce wa Shitu ya taimaka ya ba ta kayanta, ta fasa. Ko a ɗaki ne za ta baza su ta yi ta fifita.

Shitu ya yi ta latse-latse, sannan ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mini. Kayan da suka shiga aiki na kan hanya ƙofa biyu gare su. Ko su fita a matsayin kammalallen kaya, ko su fita a matsayin shara. Babu ta uku. Waɗanda suka ƙera manhajar, Allah ya ƙara musu basira, don manyan kamfanoni suka yi ta, inda kayan da ke cikin inji na mai inji ne. Ba su taɓa kawo wa ransu wata tsohuwa za ta zo da mayafi a kafaɗa ta ce a ba ta abinta ta fasa ba. Mu kuma da muka sayo, ba wanda ya tambaya.

Na ce to, ya rubuta shara mana, mu mun yarda. Gwaggo ma ta ce a kira shi duk abin da aka ga dama, in dai za a buɗe ƙofa.

"Kawu, shara sai Manaja ya dangwala yatsa."

"Ina Manajan?"

"Yana birni, taron bita kan rage asarar amfanin gona."

Ya yi ƙasa da murya ya ƙara da cewa ko Manaja na nan ba zai dangwala ba. Shara tana sa allo ya yi ja, ga shi ranar Asabar Mai Girma zai kawo baƙi, an kuma yi gargaɗi kada a ga ko ɗigon ja kafin nan.

Ranar Laraba gari ya waye tas. Rana ta fito irin wadda masu gumi ke roƙo, mai zafi, ba gajimare ko ɗaya. Duk bakin titi mata sun baza tamfol, shinkafa na shan rana, tamu tana jibge a sito tana dahuwa a cikin buhu. Abin da ya tunzura ni ke nan na faki ido na shiga na rungumo buhu, har na samu sarautar da na ba ku labari.

Shitu ya fito da gudu ya ba maigadi haƙuri ya sake ni. Idonsa ya kaɗa. Ya ce shi ma tun jiya abinci bai wuce masa ba, amma in buhu ɗaya ya fita ba a haska shi ba, abin da ke sito zai saɓa da abin da ke allo, kuma sunansa ne a kan rukunin. Ga mata, ga jariri, ga mahaifiya kwance. Ni dai raina ya riga ya ɓaci, na buɗe baki zan zazzaga masa, sai Gwaggo ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Mayar musu. Ba za a kori ɗan mutane a kaina ba."

Na mayar. Ban taɓa jin buhu ya yi mini nauyi irin na wannan komawar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa muku sai da na share ido da hula.

Asabar ta zo, Mai Girma ya iso da jiniya. Ikon Allah, man janareta ma a cikin ayarin ya zo, jarka guda, daidai tsawon jawabi. Aka toshe ƙofar sito da labule, aka fesa turare, aka zuba busasshiyar shinkafa da aka sayo a kasuwa, inji ya yi ruri, baƙi suka tafa. Mai Girma ya tsaya gaban allo ya ce a dubi yadda kimiyya ta share wa matan karkara hawaye. Ni ma na tafa, don maigadin nan yana kallona.

Baƙi na tafiya Manaja ya dangwala yatsa. Ba a ƙofar shara ba, ai ba zai ɓata allo ba. Ya fitar da rukunin Gwaggo a matsayin kammalallen kaya, daraja ta ɗaya. Har saƙo ya shigo wayarta ana taya ta murna, ni na karanta mata.

A tsakar gida muka farke buhun farko. Shinkafar ta cure ta yi baƙi, funfuna ta lulluɓe ta, wari ya kori yara waje. Gwaggo ta gutsuro dunƙule ta murza a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce in nemo masu kura a kai bayan gari, kuma a binne, kada awakin mutane su ci su mutu.

Yau da safe na wuce ta gidan Suwaiba, wadda Gwaggo ta koya wa gumi da hannunta. Na hango Gwaggo a durƙushe tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar Suwaiba, aikin yini take yi a sallame ta da yamma. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba, tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne ya dame ta.

Yanzu kuma labari ya iso mana cewa Mai Girma ya ji daɗin sakamakon masana'anta ƙwarai, har ya yi alkawarin kawo irin wannan manhaja ɗakin shan maganinmu, don a riƙa bin diddigin marasa lafiya. Saboda haka duk mai niyyar yin ciwo a yankin nan, ina ba shi shawara ya hanzarta ya yi abinsa ya warke kafin ta iso.