Ranar da Firjin Kimcin Bok-rye Ya Mutu

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne ya ɓata mini safiya. Cire takalmi ka shigo, sarkin ɓarnar kuɗi."

Haka Bok-rye, tsohuwar da muke haɗa katanga da ita a Chuncheon ta ƙasar Koriya, ta tarbi jikanta Tae-gyun yau da safe, ina zaune a wajenta. Shekaranjiya muka haɗa mata kimcin shekara, wato kabejin da ake tsumawa da barkono, kabeji sittin, mu huɗu a tsugune tun safe. Likita ya ce bayanta ba zai ƙara ɗaukar wannan aikin ba, na bana ne na ƙarshe da hannunta. Jiya da safe kuwa firjin kimcin ya yi tari biyu ya mutu murus, ga sanyin bana ya ƙi sauka balle a jera robobin kimcin a waje. Ni kaina hankalina ya tashi, har na yi ƙwalla. Tae-gyun ne ke biya mata inshorar gyaran kayan gida duk wata, shekara uku ke nan tana zaginsa a kai. Ta kira kamfanin, kafin rana ta yi tsaka sai ga mai gyara.

Tae-gyun ya kasa kunne jikin firjin. "Halmoni, kakata ta kaina, wannan ƙarar fa? Ba shi aka ce ya rasu ba?"

"Suma ya yi. Duka ɗaya na yi masa ya farfaɗo."

"Duka? An ce kuka kike a waya, har kina ce wa matar kamfani 'yata."

"Barkono ne ya shiga mini ido."

"Barkonon shekaranjiya?"

"Mai ƙarfi ne! Ba irin naku na kanti ba."

"To inshorar da kika ce kuɗin ciyar da ƙatti ce, yanzu yaya?"

"Har gobe haka take. Bara da famfo ya yi ta ɗiga, ba cewa suka yi ba ya cikin takarda ba? Da tsumma na ɗaure shi."

"Famfon ya girmi babana, Halmoni. Su kayan gida suke gyarawa, ba kayan tarihi ba. Ke ma na tambaya ko za su saka ki, suka ce kin wuce shekaru."

"Ji ɗan banza! Ni aƙalla ina aiki. Kai shekara talatin da uku, ko mata ba ka kawo ba. Wa zai karɓi inshorarka?"

Dariya ta ƙwace mini, ta juyo ta harare ni.

"Kuma ba takardarka ta kawo yaron nan mai gyara da wuri ba," in ji ta. "Ƙamshin kimcina ya jiyo. Roba guda ya tafi da ita."

"Roba guda? Ni fa da na biya?"

"Kai ka zo ka lashi murfi."

Ta buɗe firjin, sanyi ya bugi fuskarta. Ta daɗe tana shafa robobin ɗaya bayan ɗaya, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta nuna masa mafi girma.

"Ɗauki wannan, ba zan iya ɗagawa ba. Ka ci a hankali, ka riƙe ɗanɗanon a bakinka, don baɗi kai za ka tsuguna, ni ina kan kujera ina zaginka."

Tae-gyun ya rungumi robar. Ta tuntsire da dariya, ta ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Kuma masu inshorar nan naka, ɓarayi ne, amma kar ka kuskura ka daina biyansu."