Mantau da Masu Tashi Ba a Kira Su Ba

Duk wanda ya ba Kuluwa shawarar ta damƙa wa ƙanenta Mantau makullin shago ya san kansa, kuma bai kyauta ba. Mutum ɗan shekara arba'in, wanda in ka ce ya jira ka a ƙofa, ruwan sama zai ƙare a kansa bai matsa ba. Su uku ne a gidan: Kuluwa, 'yarta Ladidi, sai shi. Abincinsu kuwa tsohuwar kwamfuta ɗaya ce a shagon buga takardu na bakin tasha, kuma da ita za a cike wa Ladidi fom ɗin makarantar ungozoma, wanda za a rufe ranar Juma'a da azahar.

Wata rana kwamfutar ta yi nauyi, sai a kunna ta a dama koko a shanye ba ta gama farkawa ba. Sallau mai gyara ya zo daga birni, ya ce lafiyarta lau, wasu manhajoji ne ke tashi tare da ita ba a kira su ba, suna aiki a ɓoye suna shanye mata ƙarfi. Ya ja wa Mantau kunne kada ya bar komai ya tashi tare da ita. Washegari Mantau ya kashe fanka, ya kashe rediyo, ya tsallaka titi ya riƙe hannun mai injin niƙa, wai ya dakata sai kwamfuta ta gama tashi. Ya dawo fari fat da gari, kunne ɗaya a kumbure.

Wata rana Sallau ya buɗe masa jerin sunayen manhajojin, ya ce wadda bai sani ba ya cire mata alama. Mantau ya cire duka. Kwamfuta ta tashi kamar walƙiya, amma firinta ta mutu, intanet ya ɗauke. Kuluwa ta yi ta zazzaga masa masifa har 'yan kamasho suka taru.

"Yaya," in ji shi, "ko ɗaya fa ban taɓa gaisawa da ita ba."

Wata rana, Litinin ce, Sallau ya gaji, ta waya ya ce a mayar da manhajojin ɗaya bayan ɗaya, a fara da intanet da firinta, kowacce aka mayar a zauna a ga halinta. Mantau ya ce shi ba ya gane hali a ƙasa da wuni guda. Ya kafa kujera ya zuba ido. Zuwa Alhamis huɗu kacal ya mayar cikin sittin.

Ranar Juma'a Kuluwa ta haƙura da shi, ta ja Ladidi zuwa babban shagon garin gaba. Suka tarar kwamfutar can ta kama sabunta kanta ba wanda ya sa ta, ta rubuta kada a kashe, jama'a cirko-cirko da takardu a hannu. Awa biyu suka yi. Suka hawo acaɓa Ladidi na kuka, saura rabin awa a rufe fom.

Tasu kwamfutar kuwa tana zaune garau. Manhajar sabuntawar ita ce ta arba'in a jerin, sai wata mai zuwa layi zai kai kanta. Minti goma fom ya shige.

"Ai ban ba mai sabuntawar izinin tashi ba tukuna," Mantau ya ce.

Yanzu mai shawarar nan yana yawo yana cewa hangensa ne. Hangen me? Wauta ce tsagwaronta ta kai yarinyar nan makaranta, duk masu wayonmu suna tsaye a layi. Wanda ya ce ba haka aka yi ba, ya fito ya faɗa a gaban Ladidi.