Rigar Alhaji Imforos

Allah ya yi wa garin Salaga baiwa da Alhaji Abdul-Wahab, dillalin doya, mai ilimin da ya fi ƙarfin hularsa. A cikin wayarsa ya tsinci wata kalmar Turanci da ko Turawan sun manta da ita: imforos, wato abu curarre, wanda ba shi da kafar da ruwa ko iska za su bi. Tun ranar ya daina amsa sunan yanka, sai Alhaji Imforos.

"Ciwon ƙasar nan huji ne," in ji shi. "Ko'ina huji! Ni zan toshe."

Da rumbun doyarsa ya fara. Ya shafe shi da siminti, bai bar wa ko tururuwa hanya ba. Doya ta ruɓe, ungulaye suka buɗe majalisa a kan rufin. Alhaji ya ce sun zo ganin fasaha ne.

A Yendi ya ga randunan masallaci suna tsatsafo, tausayi ya kama shi, ya sa aka lafta musu fenti ciki da waje. Ruwan da a da yake kashe haƙori don sanyi ya koma na wankan jego. Liman ya yi masa doguwar addu'ar shiriya, Alhaji ya ɗauka godiya ce.

Sai ga zaɓen shugaban 'yan doya da albasa a Bawku, kujerar da ya daɗe yana mafarkinta. Ya sa tela ya ɗinka masa babbar riga ta tamfol, har da aiki a wuya. Da tsakar rana, cikin bazara, ya hau benci.

"Ku dube ni! Ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita. Haka zan riƙe muku..."

Sai ya zube, sumamme.

Matarsa Hajiya Zuwera ta sheƙa masa bokitin ruwa, ruwan ya zame ya tafi abinsa. Ta fizgi wuƙar mai nama ta tsarga rigar. Gumi ya ɓalle, har wani ya tsallake don kada takalminsa ya jiƙe.

Alhaji ya buɗe ido da ƙyar. "Hajiya, ruwan ya shiga?"

"Ko ɗigo, Alhaji."

"Jama'a, kun gani!"

Jama'a kuwa sun gani. Baki ɗaya suka zaɓi abokin takararsa, Aruna mai albasa. Rigar ce dai ta samu aiki: an ɗinke tsagar, duk damina ita ke rufe amalanken jakin sabon shugaba.