Ranar da Ɓauna Ta Tafi da Baya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, da wata safiyar Juma'a a Kiyako, ranar da na goya mahaifin yarinyar da nake nema a kan babur. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji ƙeyata ta yi zafi.

Lokacin ina sabon malamin firamare, muna cikin Jihar Kano, ba wanda ya taɓa jin zancen Jigawa. Kuɗin man fetur sun fara shigowa ƙasa, an ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ba shi da buri sai babur. Yawanci ƙananan nan na Japan ake saye, marasa nauyi, masu siririn kuka. Ni keke gare ni. Amma na taɓa hawa na wani abokin aikina sau uku a filin makaranta (sau biyu dai, na ukun turawa muka yi ta yi), saboda haka a wurina ni ma mahayi ne.

Ana nan sai wani malamin dabbobi ya shigo Birnin Kudu da wani irin babur da ba a saba gani ba. Baƙi ƙirin, ƙato, ga salansa biyu na fitar da hayaƙi, in ya tashi tun daga nesa kake jin dum-dum-dum. Sunansa na ainihi na nan a rubuce a jikin tanki, amma ba wanda ya wahalar da harshensa, kawai aka laƙaba masa Ɓauna. Da farko dariya aka yi ta yi wa mutumin, ana cewa in ta lalace ina zai samo kayan gyara. Sai kuma aka ga tana ratsa yashin hanyar Yalwan Damai da buhun gyaɗa biyu ko nishi ba ta yi, a inda na Japan ke kafewa sai an sauka an tura. Shi ke nan. Masu shanu suka fara saye, masu awon gyaɗa suka bi. Kafin damina biyu, ranar kasuwa sai ka tarar da Ɓaunaye jere a gindin tsamiya, masu su sun zagaye suna hira, mai ƙaramin babur ko kallo bai ishe su ba. In sun haɗu a hanya hon biyu suke yi wa juna.

Ni kuma Allah ya jarrabe ni da baki. Duk ranar kasuwa sai in jingine kekena kusa da tsamiyar nan in kasa kunne, in tsinci magana ɗaya biyu, in kawo teburin mai shayi a Kiyako in ƙara mata gishiri. Na ce musu baƙin mai ake haɗa mata a cikin fetur (wannan gaskiya ne). Na ce a ƙasar da ake ƙera ta sojoji kaɗai ake bari su hau (wannan ban san inda na samo shi ba). Ran nan wani ya ce, "Malam, ka taɓa hawa kuwa?" Na kurɓi shayi, na yi murmushi, na ce, "Haba, ni da Ɓauna ai…" Na bar maganar a nan, su suka ƙarasa wa kansu. Daga ranar na zama Malamin Ɓauna, kuma wallahi sunan ya yi mini daɗi.

Yarinyar da nake nema sunanta Hansatu, 'yar Alhaji Sale, babban manomi, mutum marar yawan magana. Na tura manyana tun wata uku da suka wuce, ya ce musu za a duba, kuma shiru. Abin da duk garin ya sani game da shi ɗaya ne: ya tsani maƙaryaci. Ni kuwa kunyarsa nake ji irin ta suruki tun kafin a ba ni, in na hango shi a hanya sai in sauka daga keke in durƙusa, ko in saki hanyar gaba ɗaya.

To, Alhaji Sale ya sayar da bijimai ya sayi Ɓauna, babban ɗansa Habu ke tuƙa shi. Wannan Juma'ar kuma za a ɗaura auren ɗan ƙanen Alhajin a Gwaram bayan an sauko daga masallaci, shi ne wakilin ango, shi zai karɓi aure. Sauran dangi sun bi motar kasuwa tun jiya. Shi ya tsaya don ya shiga Gwaram a kan sabon baburinsa. Sai ga shi a yammacin Alhamis Habu ya ɗora ƙwaurinsa a kan salansar babur mai zafi, ƙafa ta tashi, ko takawa ba ya iyawa, an kai shi gidan kakarsa ana shafa masa magani.

Ina aji da safe ɗan aike ya zo: Alhaji na kira. Na ce yau za a ba ni amsa. Na je na durƙusa a ƙofar zaure, kaina a ƙasa.

"Malam," ya ce, "an ce kai ne ka san Ɓauna ciki da waje."

Nan ne fa ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Na buɗe bakin kuwa, amma abin da ya fito shi ne, "Ɗan abin da ba a rasa ba, Baba."

"Madalla. Gwaram za ka kai ni."

Aka turo ta ƙofar gida. Jama'a sun taru, har da mutanen teburin shayi, sun zo ganin gwaninsu. Ta gefe kuma akwai dangar zana da ta kewaye cikin gida, ina jin motsin mata da ƙarar awarwaro a bayanta, na san Hansatu na leƙe ta ƙofofin zanar. Na naɗe hannun riga, na kama kan babur, na ɗaga ƙafar dama zan taka kik, ƙarfen tayar da inji, kamar yadda na yi a filin makaranta. Ƙafata ta sauka a ƙasa. Babu kik.

Na duba da kyau. Babu. Na zagaya hagu, ƙarfe ɗaya ne tak, na giya. Na dawo dama. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashi, ko ya ɓuya. Na fara tunanin ko Habu ya cire ya tafi da shi saboda ɓarayi, ko kuwa kamfanin ne ya manta. To in babu kik, waɗancan mutanen na gindin tsamiya da me suke tayarwa? Shekara guda ina zaune kusa da su, bakinsu kawai nake kallo, ban taɓa kallon ƙafarsu ba. Na zagaya babur ɗin nan sau uku ina matsa taya, ina ƙwanƙwasa tanki, ina gyaɗa kai. Wani daga cikin 'yan shayi ya ce, "Kun gani ko? Gwani ba ya hawa sai ya bincika." Gumi kuwa har cikin takalmina.

Sai na ji murya daga bayan zana, da ɗan ƙarfi, wai da mahaifiyarta take magana: "Inna, ai Yaya Habu ƙarfen giyar nan yake dannawa ciki, ya juyo da shi baya, sannan ya taka."

Hansatu ce. Na yi kamar ban ji ba, na ƙara matsa taya sau ɗaya don kada a gane, sannan na danna ƙarfen, ya juyo baya lafiya lau. Ashe ƙarfe ɗaya ne ke aiki biyu. Na taka, shiru. Na sake, shiru. A na uku na tara duk ƙarfina na doka, ƙarfen ya dawo ya bugi tafin ƙafata, aka ji tas!, hayaƙi ya turnuƙe, inji ya kama. Kukan dai ya ɗan bambanta da wanda na saba ji, kamar mai mura, amma jama'a sun riga sun ɗauki kabbara, wa zai tsaya sauraren kuka?

Aka ɗaure kwandon goro da dabino a kariyar bayan babur. Alhaji ya tattara babbar rigarsa mai aiki, ya gyara rawani, ya hau bayana, ya riƙe ƙuguna da hannu biyu. Jama'a, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ga numfashinsa a wuyana. Na yi bisimilla, na kama kuloci, na sa giya ɗaya, na kalli hanyar Birnin Kudu shimfiɗe a gabana, na saki a hankali.

Sai na ga hanyar tana nisa.

Wallahi tunanin farko da ya zo mini shi ne jiri nake yi. Na biyu, na ce ko mutanen ne ke matsawa gaba don su ba mu wuri. Amma har bishiyar darbejiyar da ke gabanmu matsawa take, ita kuma na san ba ta da ƙafa. Na ji ana ihu, "Baya! Malam, baya kake yi!" Na ce a raina, baya kamar yaya? Babur ne fa. Sai hankalina ya ba ni cewa ƙarfi ne bai ishe ta ba, in na ƙara mata wuta za ta gane kuskurenta. Na murɗa totur. Ta ƙara wuta kuwa, amma ra'ayinta bai canja ba. Na nemi birki, ƙafata ta manta inda yake. Alhaji ya matse ni har na ji haƙarƙarina, yana "Innalillahi, innalillahi," muka shiga dangar zana da baya, dangar ta kwanta da mu, mata suka watse da salati, muka ƙare a cikin tarin harawa a gindin rumbu.

Inji na ta kuka a kwance. Goro na birgima ko'ina, awaki sun yi kan dabino. Rawanin Alhaji ya warware, rabi a kansa rabi a ƙayar zana. Ga Hansatu tsaye da muciya a hannu, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Duk Kiyako na leƙen cikin gidan da ba a taɓa ganin cikinsa ba.

A nan ma bakina bai daddara ba. Na miƙe ina kakkaɓe harawa na ce, "Baba, wannan… ai ita ce ribas, giyar komawa baya. Ba kowace Ɓauna ke da ita ba."

Alhaji ya zauna a kan harawa, ya ciro wani kara daga gemunsa, ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "To, Malam, Gwaram a gabanmu take ko a bayanmu?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi mini dariyar ciwo.

"Ɗago ka dube ni," ya ce. Na ɗago, karo na farko a rayuwata. "Ka taɓa hawa irin wannan babur?"

Na san in na ce a'a na rasa Hansatu, ga 'yan shayi na ji. Na kuma duba na ga ba sauran ƙaryar da za ta shiga wurin nan. Na ce, "Wallahi Baba ban taɓa ba. Ko wannan da ya faru ban san mene ne ba."

Muryar nan ta sake fitowa, wannan karon ba zana tsakani: "Inna, in ta tashi a baibai, Yaya kashewa yake ya sake takawa."

Alhaji ya ɗaga kai ya kalli rana. Babu mota, babu wani mahayi, ga aure na jira. Ya miƙe, ya naɗe rawani, ya sa aka tsince goro aka ɗauraye. Na kashe, na sake takawa, ta ɗauki dum-dum-dum ɗinta na gaskiya. Zai hau ke nan ya tsaya.

"Juya mata baya wajen hanya tukuna," ya ce. "In ta sake, mu dai mu rage tafiya."

Sai a lokacin garin ya fashe, har da masu riƙe ciki. Amma ta tafi gaba. A giya biyu muka yi tafiyar nan kaf, don tsoron taɓa ƙarfen nake, kuma ko da muka tsaya shan ruwa a Birnin Kudu ban yarda na kashe ta ba. Masu Ɓauna biyu suka yi mana hon a hanya, ban rama ba, ban san inda hon ɗin yake ba. Mun shiga Gwaram ana sallame salla, dangin amarya sun fara kallon hanya. Alhaji ya karɓi aure da ɓurɓushin harawa a wuyan riga.

(Daga baya wani bakanike a Birnin Kudu ya zauna ya yi mini bayani, wai irin wannan injin in wutarsa ta goce kuma kik ya dawo, yakan kama ta baibai. Har da zane ya yi mini a ƙasa. Na ce na gane. Ban gane ba, har yau.)

A hanyar dawowa, da muka hango rumbunan Kiyako, sai Alhaji ya yi magana. Ta bayan kunnena ya yi maganar. "Ka yi ƙarya a zaure, ka ƙara a gindin rumbu. Da ka yi ta uku da na gama da kai. Gobe ka zo ka ɗaure mini dangata, jibi ka turo manyanka."

Na ɗaure dangar ranar Asabar, 'yan shayi na zaune a inuwa suna ba ni shawara, suna kirana Malam Ribas. Sunan ya bi ni makarantu huɗu, har na yi ritaya.

Abin da na koya? In an tambaye ni abin da ban sani ba, ina ƙoƙari in ce ban sani ba. Ƙoƙari na ce, don bakin nan yana nan da halinsa. Sai dai duk ranar da na gyara zama a gaban baƙi na fara bayani a kan abin da ban taɓa taɓawa ba, ko jirgin sama ne ko wayar zamani, Hajiya Hansatu ba ta katse ni. Takan ajiye tiren shayi ne kawai, ta dubi wata jikarmu, ta ce da ɗan ƙarfi, "Ke, matsa daga bayan kakanki."