Koriyar Fitilar Mirza Shafqat

"Ni, Mirza Shafqat Baig, in na ce wa wutar lantarki tsaya, sai ta tsaya. In na ce wuce, sai ta wuce tana gaishe ni. Ran Lahadi intanet zai ɓulɓulo daga bangon gidana kamar ruwan famfo!"

Haka ya faɗa a rumfar mai shayi yana murza gashin baki, mu kuwa muka ce to. Ka san babu unguwa a Multan da ta rasa injiniyan da bai taɓa shiga aji ba, to namu ke nan. Tsohon mai sayar da takalma ne, amma tun ranar da ya canza ƙwan fitila bai faɗo daga kan kujera ba ya sa kansa a sahun masana. A bayan idonsa Injiniya Tartsatsi muke ce masa.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Ran Lahadin ne dangin wani yaro Zohaib za su zo neman auren 'yarsa Zubiya, kuma yaran na mutuwar son juna, har kajin unguwa sun sani. Sai dai uban yaron, Haji Inayat, yana aiki a Maskat, ya ce ba zai amince ba sai ya ga gida da mutanen gida da idonsa ta bidiyo. Akwatin intanet yana can ƙuryar ɗakin barcin Shafqat, ɗakin baƙi yana bakin ƙofa, tsakaninsu kuwa bangon zamanin kakanni ne, wanda ko ihu ba ya ratsawa.

Sai gogan naka ya sayo wasu tagwayen na'ura farare, kowace kamar sabulun wanka. A soka ɗaya a soket kusa da akwatin, a soka ɗaya a ɗakin baƙi, intanet ya biyo wayar wutar gida ya iso. In tagwayen sun ji juna, sai koriyar fitila ta kama.

Matarsa Nighat ta ce, "Baban Zubiya, ka gwada tun yau mana."

"Gwaji na masu shakkar kansu ne. Ke dai ki ji da samosa."

Ranar ta zo da zafin da kan sa kwalta ta yi laushi. Uwar yaro, Begum Tahira, ta iso da ɗanta da kwalin halwa. Ƙanen Shafqat ma, Rafaqat, ya sauko daga bene ya zauna a gefe, don ba a neman aure babu baffa. Tun rasuwar mahaifinsu suka raba gidan, ƙasa na wa, sama na ƙane, kowa da mitarsa, gaisuwa sai ranar Idi.

Shafqat ya tsaya gaban babban talabijin, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga na'urar sama kowa ya gani, sannan ya dubi Begum Tahira, wadda yake ce wa Baji, wato yaya.

"Baji, ki kalli bangon nan. Yanzu Haji Sahib zai fito a cikinsa, ƙato, har gashin hancinsa sai kin ƙirga. Bismillah!"

Ya soka. Fitila ta kama, ja wur.

"Haka take farawa," in ji shi. "Kunya take ji."

Aka jira. Ba ta daina jin kunyar ba.

"Firij ne! Gurnaninsa ke firgita intanet a cikin waya. Nighat, kashe shi."

"Kulfin baƙi fa? Ai ƙanƙarar madarar za ta narke!"

"Kulfi zai aurar da 'yarki?"

Aka kashe firij. Ja dai. Ya ɗaga kai ya harari fanka.

"Ga munafukar nan! Da intanet ya leƙo sai ta kaɗa shi ya watse. A kashe duk fankokin gidan nan."

Kai, abokina, kashe fanka a Multan tsakar bazara ai sai maƙiyi. Nan da nan kwalliyar Begum Tahira ta fara gangarowa wuya. Zohaib, da ya sha sabuwar riga mai sitaci, ya koma kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Abu ɗaya aka bari yana aiki a gidan, esin ɗakin barcin Shafqat, wai akwatin intanet ba ya son zafi. Ana jiyo gurnaninsa daga nesa, baƙi na haɗiyar yawu.

Shafqat ya kara kunne a bango ya yi shiru, sannan ya ɗaga yatsa.

"Ina jin sa! Ya maƙale a kwana."

Ya cire takalmi ya shiga bin bango yana duka, tun daga tsakar gida har ƙofar ɗaki, yana cewa, "Gaba! Gaba, ɗan banza!" Farar ƙasa ta zubo cikin farantin samosa. Can ya tuna wayar ta ƙarƙashin daɓe ta bi.

"Ku ɗaga ƙafafunku, kun take masa hanya!"

Wallahi suka ɗaga. Manyan mutane, ƙafa a sama, gumi na ɗiga. Zubiya da ta shigo da tiren shayi ta ga surukarta ta gobe a haka, sai ta juya ta dubi babanta.

"Abbu, don Allah..."

Wayar Begum Tahira ta yi ƙara. "Haji ne. Bari kawai in ɗauka a nan."

"Kada ki soma, Baji! Surukina a cikin tafin hannu kamar kwabo? A gidana? Allah ya kiyaye!"

Yanzu fa gumin Shafqat ya fi na kowa, kuma mutum irinsa in ya rasa mafita sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ya tuna abin da mai shagon da ya sayar masa da su ya ce, tagwayen ba sa jin juna sai in wutarsu daga mita ɗaya ta fito. Ya juya a hankali, idonsa ya sauka kan ƙanensa.

"Yanzu na gane. An karkatar da wutata. An ja ta sama!"

Rafaqat ya ajiye kofi, ya kira shi yadda ƙane ke kiran wansa a wurinmu. "Bhai Jan, da ni kake?"

"Da wa zan yi, da tsaka? Na'urar nan ba ta ƙarya. In na soka ta a ɗakinka ta yi kore, to wayarka da tawa a haɗe suke, kuma kowa zai san ɓarawo."

Nighat ta fara tari. Ta ja masa gefen riga. "Baban Zubiya, zo ka ji wata magana."

"Sake ni!"

"Ka zo dai. Magana ce ta ɗaki."

"Yau ranar tonon asiri ce, ba ranar raɗa ba. Kowa ya biyo ni!"

Aka ɗunguma sama, shi a gaba da takalmi ƙafa ɗaya, na'ura a hannu kamar tuta. Ya soka ta a soket ɗin falon Rafaqat. Ko numfashi ba a sauke ba, sai ga kore shar.

Shafqat ya yi tsalle har tumbinsa ya biyo baya. "Kore! Kun gani? Ɓarawon wuta! Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kana tsotsata kamar kaska!"

Rafaqat bai ɗaga murya ba. "To, Bhai Jan. In wutarka nake sha, ko na kashe mitata ba abin da zai mutu, ko ba haka ba?"

"Ƙwarai! Kashe mu gani!"

Nighat ta rufe fuska da mayafi.

Rafaqat ya fita kan matakala ya ja makunnin mitarsa ƙasa. Fankar falonsa ta tsaya. Koriyar fitila ta mutu. Sannan daga can ƙasa, a ɗakin barcin Injiniya Tartsatsi, kowa ya ji esi ya yi wani dogon nishi ya yi shiru.

A lokacin ne abin ya faɗo wa Shafqat a rai. Wata bazara can baya, da Rafaqat ya tafi Umra, shi da kansa ya hau tsani ya jona ɗakin barcinsa da layin ƙanensa, Nighat na riƙe masa tsanin tana salati. Sanyi ya yi daɗi, shekaru suka wuce, har ya manta ba nasa ba ne.

"Ashe!" in ji Rafaqat. "Na hana matata guga. Na hana 'ya'yana talabijin. Muna kwana kan rufi da mafici, ina cewa mitata aljanu gare ta. Ashe aljanin yana ƙasa yana minshari cikin bargo!"

Zubiya ta jingina da bango, hawaye na zuba, don ta tabbata aurenta ya mutu tare da esin nan. Ni kaina da aka ba ni labari, a nan ne dariyata ta tsaya.

Sai aka ji wani yana tari, irin tarin wanda dariya ta shaƙe. Daga tafin hannun Begum Tahira yake fitowa. Ashe tun a matakala ta gaji ta ɗauki waya, kuma Haji Inayat ya kalli komai daga Maskat.

"Na ga gida," in ji shi yana share ido. "Na ga mutanen gida. 'Yata, share hawayenki. Yarinyar da ta girma a hannun wannan mutumin ba ta haukace ba, ai ba a barin ta ta wuce. Mun karɓa."

Nan take Shafqat ya dawo hayyacinsa. Ya gyara gashin baki, ya turo ƙirji gaban wayar. "Haji Sahib, a matsayina na uban amarya..."

"A'a, Mirza Sahib, matsa gefe, kana tare mini Rafaqat Sahib. A wurinsa za mu nema, tun da na ga shi ke riƙe da gidan. Kai kuma ranar biki mun tanadar maka aiki daidai iliminka."

Idon Shafqat ya yi haske. "Haɗa fitilun rumfa?"

"Za a zaunar da kai tsakiyar fili, nesa da kowane soket, a ba ka mafici ka yi wa ƙanenka fifita har a tashi."