Kofur Ummaru Na Jiran a Sallame Shi

Jiya na raka maƙwabcina Kofur Ummaru faretin tsofaffin sojoji, na dawo da ciwon kai da kuma ƙarin girmama manyanmu, Allah Ya ja zamaninsu.

Shekara tara ke nan da gama yaƙi. Da aka rage sojoji, ba a ce wa Ummaru ya tafi gida ba, sai aka ce an sa shi a ajiya, wai sojan ko-ta-kwana. Ya koma noma a ƙauyen Garam, yana kwana a unguwarmu ta Wambai. Abin da ya rage masa na soja shi ne kaki, da guntun ƙarfe a cinya, da katin ganin likitan bariki. Takarda ta zo cewa duk wanda bai amsa sunansa a fareti ba, katin ya tashi aiki.

To, shekaranjiya aka yi ruwan shuka, irin wanda manomi yake da yini ɗaya tak kafin ƙasa ta bushe. Jiya da safe matarsa Sailuba ta riga ta fito da irin dawa, sai ta gan shi cikin kaki.

"Malam, gonar fa?"

"Ƙarfe takwas aka ce. Kafin hantsi na dawo."

Da muka isa filin, mutum goma sha ɗaya suka jeru, kowa ya tsotse ciki don maɓalli ya shiga. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga Landirofa. Babban da zai duba faretin, Mai Girma Uban Tsare-tsare, ya sauko, ya ce su ne ƙashin bayan ƙasa, suka ƙame suka sara masa. Sai aka raɗa masa wani abu a kunne, ya faɗa mota, aka nufi wajen sabon birnin nan da aka ari sunan garinmu aka ba shi. Ina jin filaye aka je dubawa, aikin ƙasa ba ya jira.

Bai kira suna ba, bai kuma sallami fareti ba. Ni farar hula na koma gindin mangwaro, su kuwa suka ci gaba da tsayuwa, don soja ba ya motsi sai an ce ya motsa.

Da azahar na matsa kusa na ce, "Kofur, mutumin nan fa ya tafi."

Ya amsa ta gefen baki, "Ba a sallame mu ba."

"Haka ake yi muku da kuna bariki?"

"A bariki Saje zai zage ka, ya sa ka tsallen kwaɗo, amma ya san sunanka, ƙarfe ɗaya kuma akwai tuwo. A daji ma, wanda yake harbinka ya san kana nan."

Saje Sebastine, wanda yanzu yake gyaran keke a unguwar Hashimi, ya ce daga gefensa, "Aboki, ajiya fa kamar tsohon taya ne. Ba a jefarwa, ba a sa wa keke."

Na yi dariya, amma wallahi tausayi ya kama ni, don ina kallon cinyar Ummaru tana rawa, idonsa kuma yana kan ƙasar filin da take fari a hankali.

Da la'asar akawu ya fito zai kulle ofis, ya gan su ya yi turus.

"Au! Ba ku tafi ba? Ai an ɗage."

"To a sallame mu," in ji Ummaru.

"Ni farar hula ne, Baba, ba ni da iko."

Sai da Sebastine ya fita daga layi, ya juyo, ya daka musu tsawa irin ta da, sannan suka watse. Shi kuma ba wanda ya sallame shi, haka ya hau kekensa yana gunaguni.

Ummaru ya je Garam da yamma, ya tona ƙasa da yatsa, ya dawo da irinsa a buhu.

Yau da asuba Allah Ya sake ba mu ruwa mai kyau. Ummaru ya saɓa fartanya, yana bakin zaure sai ga masinja da sabuwar takarda: fareti yau, ƙarfe takwas. Ya duba sama, ya duba takardar, ya jingine fartanyar, ya ce Sailuba ta miƙo masa takalmansa.

Masu cewa manyanmu ba su san damina ba, ku nemi gafara. Sau biyu ke nan ba su kuskure ranar shuka ba.