Wandon da Ya Ƙi Yagewa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe tsaye a gaban jama'a a Kuala Lumpur ina ɗaga hannu saboda wando ba. Wandon ma ba nawa ba.

Ni tela ne, shekara talatin ina kan keke tun a Fagge. Boko aji huɗu na yi na gudu, ban kuma yi nadama ba sai da na auri mai digiri. Matata, Maman Ummi, ita ta samu tallafin gwamnati ta zo karatun dakta, ni kuma aka haɗo ni da yara da tukwane. A unguwar Sri Petaling muke zaune. Aikina kai yara makaranta, sai ɗan ɗinkin kaftani ga ɗalibai 'yan ƙasarmu in sallah ta matso. Gaskiya na gaji da zama. Mutum ya haura hamsin amma ya wuni yana kallon jirgin ƙasa ta taga.

Wani Ba'indiye da nake sayen zare a wurinsa a unguwar Brickfields ne ya haɗa ni da Madam Lim, mai kula da sutura a wani ɗan kamfanin wasan opera. Za su buɗe wasanninsu na shekara, telansu kuma ya kwanta rashin lafiya. Opera wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa (ni ma ranar na sani). Mutum zai ce a ba shi ruwa, sai ya dafe ƙirji ya rera. Wannan da za su fara da shi na barkwanci ne, ana waƙa ana taɓa magana. Madam Lim ta kama hannun kaftanina, ta juya cikinsa ta duba ɗinkin, ta ce, "Boleh." Wato zai yiwu. In wasan farko ya tafi lafiya, ɗinkin shekarar gaba ɗaya nawa ne.

Da gudu na koma gida.

"Maman Ummi, na samu aikin opera!"

"Baban Ummi, waƙa za ka yi?"

"Ɗinki."

"Alhamdu lillahi. Har na tausaya wa mutane."

Sati uku ina ɗinki kamar sabon ango, riguna masu tattara, kwat masu jela, har wata hula mai gashin tsuntsu. Saura kwana biyu a buɗe wasa sai Madam Lim ta ba ni wani ƙaton baƙin wando na Mista Anand, babban mawaƙinsu, mutum kamar buhu biyu. Ta ce in rage tsawon ƙafa. Ta maimaita, ƙafa kawai.

Da na je gida na juya wandon, sai na yi salati. Ɗinkin baya, daidai wurin zama, da siririn zare aka yi shi, taku manya-manya kamar an yi ido a rufe. Na kuma san aikin Madam ne, don na gan ta da shi a cinya. To a inda na taso, in babba ya yi kuskure ba ka faɗa masa. Gyarawa kake yi shiru, ka rufa masa asiri. Na warware shi tas, na ɗauko zaren da ake ɗinka tamfol, na bi sau uku, na ƙara ƙyalle ta ciki. Na taka ƙafa ɗaya na ja da dukkan ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Na ce, Madam, ba sai kin gode ba.

Ranar Asabar da yamma na sha farar shadda da zanna bukar, aka ajiye mu ni da Maman Ummi a layi na biyar. Masu goge da busa sun cika gaban dandamali, ga wani da ɗan sanda yana ba su umarni. Da aka ja labule zuciyata ta kusa fitowa. Kayana ne ke yawo a cikin haske! Na zunguri wani dattijo ɗan Sin da ke gefena, na nuna dandamali, na nuna ƙirjina.

"Ka bar bawan Allah ya yi kallo," in ji Maman Ummi.

Mista Anand ya fito a matsayin tsohon attajiri mai ji da kansa, yana neman wata bazawara. Bazawarar ta saki hankicinta ƙasa. Ya juya wa jama'a baya, ya sunkuya zai ɗauka. Mai ganga ya buga, dum! Nan take mawaƙa kusan ashirin suka nuna bayansa suka ɓarke da waƙa.

Maman Ummi ta raɗa mini, "Wai suna cewa wandonsa ya yage."

"Ƙarya suke yi," na ce, ba kuma a hankali ba. "Ina ya yage?"

Waƙar ta mutu a bakinsu. Mai sanda ya tsaya hannu a sama. Bazawara ta karɓi hankicin ta sake yar da shi. Mista Anand ya sunkuya fiye da na farko. Dum! Wando lafiya lau. Karo na uku tsugunnawa ya yi kamar mai wanki, gumi na zuba, ya zagayo da hannu yana fizgar ɗinkin a ɓoye. Jama'a sun fara faɗuwa kan kujeru don dariya. Ni kuwa daɗi ya cika ni (Allah ya gani), ina cewa a raina, ja da kyau, aikin Fagge ne.

Sai ya miƙe ya fuskanci jama'a, ya buɗe wannan muryar tasa ya rera wani abin da babu shi a wasan. Na ce me ya ce? Maman Ummi, tana share hawayen dariya, ta ce, "Wai wane ne ya ɗinka wandon nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga hannu. Mai fitila ya juyo da haske kaina, aka kaure da tafi. Har hula na cire na kaɗa musu.

Sai na ji ana jan rigata. "Zauna, Baban Ummi! Yagewa ya kamata ya yi! Da gangan aka yi masa wancan ɗinkin!"

Na ɗaga kai, sai ga Madam Lim a bakin labule ta ɗora hannu biyu a ka. Ga haske a kaina, ga hula a hannu, ga haƙorana a waje na kasa mayar da su. Ƙarshe bazawara ce ta shiga ciki ta fito da almakashi, ta yanka wandon a gaban kowa. Shi ma sai da ta sa hannu biyu kafin jan gajeren wando mai furanni ya bayyana, mawaƙa suka samu abin nunawa.

Da aka tashi na je bayan dandamali ina jan ƙafa, na riga na yi bankwana da aikin.

"Ƙafa kawai na ce fa," in ji Madam Lim.

"Haka kika ce."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kunyarki na ji."

Mista Anand ya zo ya rungume ni, ya ce bai taɓa samun dariya irin ta yau ba, amma bayansa ba zai iya maimaitawa ba. Madam ta miƙo mini wandon. Ta ce in mayar da shi yadda na same shi kafin wasan gobe. In ya yage a sunkuyawar farko, aikin nawa ne.

Sau biyar ina yi ina warwarewa, hannuna ya ƙi yin mugun ɗinki. Washegari ina laɓe bayan labule, Mista Anand ya sunkuya, na ji fyaat! Na yi hamdala da ƙarfi.

Abin da na koya bai da yawa. In an ce ƙafa kawai, to ƙafa kawai, in kuma za ka rufa wa mutum asiri, fara tambayarsa ko a buɗe yake son sa. Shekara talatin ina roƙon Allah kada ɗinkina ya ba ni kunya a cikin jama'a. Yanzu duk Asabar ina bayan labule ina roƙon Allah ya sa ya yage.